Fannin Digiri da Ajin Yara Ƙanana: A Ina Ya Kamata a Kafa Ma'auni?

'Yan'uwa malamai, akwai wata tambaya da ta daɗe tana kewaya mu a wannan reshe, a ɗakunan malamai da wajen taron ƙungiya, har ma a gidajenmu inda ƙannenmu da 'ya'yanmu suka gama jami'a suna zaune. Tambayar ita ce: wanda ya yi digiri a fannin noma, ko kimiyyar sinadarai, ko injiniyanci, ko tarihi, idan ya nemi horon koyar da yara ƙanana, a karɓe shi ko a ce masa fanninsa bai dace ba? Wudil ta fi garuruwa da yawa cancantar yin wannan tambaya. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma daɗe ana kiranta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, tana nan a cikinmu, kuma duk shekara tana yaye matasa a fannonin da ba su haɗa hanya da rainon yaro ɗan shekara huɗu ba. Da yawa daga cikinsu ƙofar koyarwa ce suka tarar a buɗe.

Ra'ayinmu shi ne kada fannin digiri ya zama abin da zai hana mutum shiga wannan horo. Sai dai wannan rabin maganar ce. Ɗaya rabin, wanda ya fi nauyi, shi ne lallai horon da za a ba shi ya kasance na yara ƙanana da gaske, kuma a gwada shi a bakin ƙofa da abubuwan da aikin yake bukata. A halin yanzu muna jayayya a kan sunan kwas ɗin da ke rubuce a takarda, mun bar wurin da ɓarakar take.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta sanya takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da mutum zai riƙe kafin ya shiga aikin koyarwa. Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993, ita ke ba da lasisi. A tsarinta, mai digirin ilimi da mai digirin wani fanni daban wanda ya ƙara da diflomar koyarwa ta bayan digiri, irin su PGDE, rukuni ɗaya suke. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da jami'o'i irin su Bayero suna gudanar da wannan difloma, kuma suna karɓar masu digiri daga fannoni iri-iri. Ashe ke nan a wajen hukuma an riga an amsa tambayar: fanni ba ya hana shiga. A Ingila ma haka abin yake. Horon malaman yara ƙanana na can yana karɓar digiri na kowane fanni, amma yana neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da kimiyya na matakin sakandare, sannan ɗalibin yakan shafe watanni yana aiki a wuraren renon yara ana duba shi kafin a ba shi shaida. Sun sassauta a kan fanni, sun tsananta a kan horo.

Dalilinmu na farko na goyon bayan buɗe ƙofa shi ne, in ban da digirin da aka tsara musamman don ilimin yara ƙanana, babu wani digiri da ke koya wa mutum wannan aiki. Wanda ya karanta Turanci ya san adabi da nahawu, amma ba a koya masa yadda yaro ke fara rarrabe sautin farko na kalma ba. Wanda ya karanta lissafi ya wuce ƙirga ɗaya zuwa goma da nisan da har ya manta cewa akwai wahala a cikinta. Ko mai digirin ilimi da ya shirya don koyar da kimiyya a babbar sakandare, in aka ajiye shi gaban yara talatin masu shekara huɗu, baƙo ne kamar kowa. To idan dukansu sai sun koyi aikin daga tushe, da wace hujja za a zaɓi wasu fannoni a ce su ne 'yan gida, sauran kuma bare?

Tarihin wannan fanni ma yana tare da mu. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa sunan lambun yara a 1840, da aikin gandun daji ya fara rayuwa, daga baya ya yi nazarin duwatsu da ma'adinai. Maria Montessori likita ce. Ta kammala karatun likitanci a birnin Rum a 1896, ta kuma buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin a 1907. Da an tsare su a ƙofa an tambaye su fannin karatunsu, da duniya ta yi asarar su. Amma kada mu ɗauki rabin labarin mu bar rabi. Froebel ya zauna wajen malami Pestalozzi a ƙasar Suwizalan yana koyon aiki, ita kuma Montessori ta shafe shekaru tana aiki da yara masu bukata ta musamman, har ta koma jami'a ta ƙara karatu kafin ta buɗe nata wurin. Iliminsu na farko ya ba su idon lura, zama da yara ne ya mai da su malamai.

Dalili na biyu shi ne bukata. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da yara ƙanana cikin ilimin tushe, daga baya kuma aka ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Manufar Ilimi ta ce a wannan mataki malami ɗaya ya riƙe yara 25. Duk wanda ya leƙa ajin share fage a cikin garin Wudil, ko Utai, ko Darki, ko Lajawa, ya san inda muke da wannan adadi. Tun da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano a 2019 yara suka ƙaru, kuma dokar ta-ɓaci da gwamnatin jiha ta ayyana a kan ilimi a watan Yunin 2024 ita kanta shaida ce cewa giɓin malamai babba ne. Masu NCE a fannin kula da yara ƙanana ba su kai yawan da za su cike shi nan kusa ba. Wanda ke neman hannun ɗaukar jinka ba ya korar mai ƙarfi don kawai daga wata unguwa ya fito.

Yanzu sai mu dubi aikin kansa, domin wanda bai san shi ba yakan ɗauka raino ne kawai da rera waƙa. Ɗauki ƙirga. Yaro zai iya rera ɗaya har ashirin ba tuntuɓe, iyayensa su yi murna. Zube masa tsakuwa bakwai ka ce ya ƙirga, sai ya ce tara, domin bakinsa ya riga yatsansa gudu. Wani zai ƙirga daidai, amma da ka tambaye shi nawa ne duka, sai ya sake farawa daga ɗaya, saboda bai gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce jimla ba. Wani kuma in ka baza tsakuwar ta yi faɗi sai ya ce ta ƙaru. Waɗannan matakai ne daban-daban, kowanne da irin wasan da ke warware shi. Malamin da bai san su ba zai rubuta lambobi a allo, ya sa a yi ta maimaitawa, ya tashi yana ganin ya koyar.

Haka karatu. Kafin yaro ya ga harafi, sai kunnensa ya iya jin cewa kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, baki daban baƙi daban, gadar da muke haye kogi a kanta ba ita ce gaɗar da 'yan mata ke yi a dandali ba. Daga nan a haɗa sauti da harafi, a gina gaɓa, a gina kalma. Kafin hannu ya riƙe fensir kuwa, sai yatsu sun yi ƙwari da zane a rairayi, da murza yumɓu, da zura ƙwallaye a zare. Magabatanmu na makarantar allo sun san wannan hikima ta bin mataki: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sai ɗalibi ya nuna a kai kafin a ƙara masa. Bayan haka akwai abin da ba ya cikin manhaja. Malamar wannan aji ita ce takan fara lura cewa yaron da ake cewa ba ya jin magana, kunnensa ne ke ciwo, ko yarinyar da ta lafe a lungu zazzaɓi ne ya rufe ta, ko wanda ya yi shiru tun farkon zango Fulatanci yake ji, Hausar ba ta zauna masa ba tukuna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin digirin sinadarai, kuma babu shi a digirin Larabci ko na tattalin arziki. Koyonsu ake yi, a gaban yara, ƙarƙashin wanda ya riga ka sani.

A nan ne muke ganin ɓarakar. Diflomar bayan digiri da aka saba da ita gajera ce, kusan shekara guda, kuma an gina ta ne a kan tunanin cewa mai digiri zai je ya koyar da fanninsa. Ana ba shi falsafar ilimi da tarihinsa, da ilimin halayyar ɗalibi a dunƙule, da dabarun koyar da darasinsa, sannan ya yi koyarwar gwaji ta 'yan makonni, galibi a sakandare. Wannan ya isa ga wanda zai koyar da kimiyyar sinadarai a aji huɗu na sakandare. Amma lasisin da zai samu bai hana a tura shi ajin share fage ba, inda babu abin da aka shirya shi a kai. Mun ga alamar hakan a shirin N-Power da aka fara a 2016, lokacin da aka turo matasa masu karatu daga fannoni daban-daban zuwa makarantunmu da ɗan taƙaitaccen shiri. Cikinsu akwai haziƙai da suka riƙe aji da kyau, kuma waɗanda suka yi dacen samun tsohon malami ya ja su a jiki su suka fi saurin gane hanya. Fannin da suka karanta bai raba mana nagari da raunana a cikinsu ba. Jagorar da suka samu ko suka rasa ita ta raba.

Sakamakon raunin tushe kuwa ba sai an ba mu labari ba. Shirin KaLMA na haɓaka karatu da lissafi, wanda aka ƙaddamar a 2019 da haɗin gwiwar Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa aka gwada shi. Ɗaliban aji huɗu zuwa shida aka ɗauka, aka rarraba su bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, aka koma da wasu kan haruffa da gaɓoɓi da ƙananan lambobi. Shiri ne mai amfani, kuma da hannun malaman wannan yanki aka yi shi. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu: me ya sa ɗan aji biyar yake bukatar a mai da shi kan harafi? Abin da aka tsallake yana ɗan shekara biyar ne ake biya yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma da tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun san abin da wasu 'yan'uwanmu masu NCE za su ce, kuma maganarsu abar saurare ce. Sun yi shekara uku a kwalejin ilimi, sun yi koyarwar gwaji mai tsawo, sun shekara goma ko ashirin a aji, sai ga yaro da digirin da ba na koyarwa ba da diflomar shekara guda ya shigo a matakin albashin da ya ɗara nasu, gobe ma a ɗora shi a kansu. Suna kuma tsoron cewa wanda ya zo don ya rasa aikin fanninsa, ranar da ya samu zai tafi ya bar yara a tsakiyar zango. Duka biyun suna faruwa. Amma maganinsu ba ya cikin tantance fanni. Mai digirin Hausa ma yana iya tafiya in ya sami abin da ya fi, kuma rashin adalcin albashi yana nan ko da an hana duk masu digirin kimiyya shiga. Abin da ke riƙe malami a aji shi ne albashi a kan lokaci, da ƙarin girma da ba ya makalewa, da ganin cewa ana daraja ajin da yake riƙe.

Akwai kuma gaskiyar da ta shafe mu mu kanmu. Yawancinmu da muka yi kwalejin ilimi shekaru ashirin da suka wuce, darussa biyu muka haɗa, kamar Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, ko lissafi da kimiyya, wasu kuma suka yi nazarin ilimin firamare. Sai a ƙa'idojin 2012 ne Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa ta sake fasalin NCE bisa matakin da malami zai koyar, inda kula da yara ƙanana ya tsaya a matsayin sashe mai cin gashin kansa. Idan aka ce sunan kwas shi ne ma'auni, da yawa daga cikin ƙwararrun matan da ke riƙe da ajin share fage a yau za su faɗi, alhali su ne ya kamata su koya wa sababbi. Ma'aunin da zai kori gwanaye ya shigo da wanda sunan takardarsa kawai ya dace, ba ma'aunin kirki ba ne.

Ba muna cewa abin da mutum ya karanta ba shi da wani tasiri ba. Yana da shi, amma a matsayin guzuri. Mai digirin noma zai iya shuka wake a gwangwani tare da yara su riƙa auna tsawonsa da tsinke kowace safiya. Mai digirin Hausa yana da rumbun tatsuniya da kacici-kacici, kuma ya san ƙa'idojin rubutu. Wanda ya karanta kiwon lafiya zai riga kowa ganin alamar tamowa. Wanda ya karanta ilimin yara ƙanana tun daga farko kuwa ya riga su nisa, kuma daidai ne a rage masa tsawon horo, a kuma fifita shi wajen ɗauka. Makarantar da ta tara irin waɗannan mutane ta fi wadda duk malamanta tukunya ɗaya ta dafa su.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya kamata reshenmu ya ɗauka zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da shugabannin ƙungiya na jiha, da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya.

Na farko, a gwada mai nema a kan abin da aikin ke bukata. Ya karanta Hausa da ƙarfi ba gargada, ya rubuta ta da ƙa'ida, da ƙugiyoyinta da rabon kalmominta, tun da Hausa ce harshen da mafi yawan yaranmu ke zuwa makaranta da shi. Gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna amfanin kafa tushe da harshen gida. A gwada shi a ƙananan lissafi, a ga ko zai iya bayyana shi da tsakuwa da kara. Sannan a ba shi mako biyu a ajin yara ana kallon yadda yake da su, domin haƙuri ba ya fitowa a takardar jarrabawa. Muna jaddada cewa a bakin ƙofa ake wannan gwaji. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ba, inda aka sallami malamai sama da 21,000 bayan jarrabawa, da yawansu sun daɗe a bakin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, kwalejojin ilimi da jami'o'in da ke jiharmu su ware wa diflomar bayan digiri reshe na yara ƙanana, mai darussan girman yaro, da koyar da karatu da ƙirga na farko, da koyarwa ta hanyar wasa, da lafiya da tsaron yara. Koyarwar gwajinsa ta kasance a ajin share fage ko aji ɗaya, ta kai zango cur, kuma takardar ta nuna matakin da aka horar da mai ita. Lokacin shirin ilimin firamare na kowa da kowa a 1976 an yi gaggawar horar da malamai don a cike azuzuwa, kuma an daɗe ana gyaran abin da gaggawar ta bari. Kada mu maimaita.

Na uku, a haɗa kowane sabon malami da tsohuwar hannu a shekararsa ta farko, a kuma lissafa wa tsohuwar hannun wannan aiki wajen ƙarin girma. Ta haka mai NCE da ya ƙware zai zama malamin mai digiri a hukumance, darajarsa ta fito fili, kishin da ke tsakani ya ragu.

Na huɗu, kuma wannan a hannunmu yake ba sai an jira Kano ba, shugabannin makarantu su daina ɗaukar ƙaramin aji a matsayin wurin ajiye wanda aka rasa inda za a kai shi. Aji shida yana da jarrabawa, shi ya sa ake kai masa gwanaye, amma abin da za a girba a aji shida a ajin share fage ake shuka shi.

Ga ƙannenmu masu digiri da ke tunanin wannan hanya kuwa, shawararmu ita ce kada sunan fanninku ya sa ku ja da baya, kada kuma girman takardarku ya sa ku zaci kun riga kun iya. Kafin ku sayi fom, ku nemi izinin shugaban makarantar unguwarku ku zauna a bayan ajin yara na 'yan kwanaki. In kun fito kuna marmarin komawa, ku nemi horon, ku tambayi inda za a tura ku koyarwar gwaji, ku roƙi a kai ku ƙaramin aji. In kun fito kuna jin kamar an sauke muku dutse, babu laifi, sakandare ma tana bukatarku.

Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya tun kafuwarta a 1931 take fafutukar a ɗauki koyarwa a matsayin sana'a mai ƙa'ida, wadda ba kowa ke faɗa mata da ka ba. Kare wannan ƙa'ida shi ne mu dage a kan horo na gaskiya ga duk wanda zai tsaya gaban 'ya'yanmu, ko daga wane fanni ya fito. Muna roƙon a sanya wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa, kuma malaman ajin share fage, musamman mata, su zo su faɗi abin da suka gani da idonsu. Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci yaran da aka ba mu amana.